Tulun da Ba Mu Zo da Shi Ba

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

An sa rana. Takwas ga Nuwamba za a ɗaura auren Murna a cocinmu. Dangin yaron sun zo da safe, an yi addu'a, an ci shinkafa, Baban Murna sai washe baki yake yi kamar shi ne angon. Ni ma na ji daɗi, kar wani ya ce ban ji ba. Ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana, kuma ita ce auta.

Yaron sunansa Tobiya, ɗan Cecilia ne ta zumuntar mata. Gwajin jini yake yi a asibiti. Ban ga laifinsa ba tukuna, sai dai shirunsa ya yi yawa, ni kuwa ba na saurin sakin jiki da mutum mai shiru.

Na faɗa a gaban kowa, gidan da za a kai 'yata sai na duba shi da idona kafin a kama. Cecilia ta yi dariya, wai ashe duba-gari ba ya ritaya. Ba ya yi. Shekara talatin da ɗoriya ina shiga gidajen Jalingo da kakin gwamnati a jikina, na san abin da sabon fenti ke ɓoyewa. Bayan sun tafi na ciro rodina daga ƙarƙashin gado na goge shi. Guntun ƙarfe ne da ke shiga jaka, da shi nake ƙwanƙwasa bango da daɓe. Baban Murna yana kiransa sandan Musa, wai duk inda na buga sai ruwa ya fito.

Talata, 9 ga Satumba

Gida na farko, a Mayo Gwoi, gangare wajen kogi. Ni da Murna da ɗan Cecilia, sai ejen ɗin da ya samo gidan, wani Siddiq mai zaƙin baki. Tun daga bakin layi na fara karanta wurin. Kowace ƙofa a layin an gina mata tudu, sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shiga. Mutane ba sa wahalar da gwiwarsu a banza.

Cikin gidan an shafa shuɗin fenti mai maiƙo daga ƙasa zuwa daidai ƙirji, sama kuma tsohon fari. Soket ɗin wuta duk an ɗaga su can kusa da kafaɗa. Na tambayi Siddiq dalili, wai sitayil ne, Mama, yanzu haka ake yi. Na durƙusa na leƙa ƙasan ƙofar ƙarfe, tsatsa ta cinye ta kamar ɓera ya gaigaya. Na sa yatsa a ramin da tagar gilas ke gudu a kai, na fito da yashi mai laushi, irin na kogi. Na miƙa masa yatsan na ce wannan ma sitayil ne?

Murna ta ce, "Mama, a hankali mana." Ɗan Cecilia yana ta kallon soket ɗin nan. Mun fito. A keke ba wanda ya yi magana sai ni.

Laraba, 10 ga Satumba

Baban Murna wai na cika baki a gaban suruki. To da wa zan cika?

Litinin, 15 ga Satumba

An kwana ana ruwa. Da rana wata 'yar cocinmu da ke zaune a gangaren Mayo Gwoi ta kira tana neman addu'a, ruwa ya shiga layinsu har katifu sun jiƙe. Layin gidan nan ne, na tabbatar. Na tausaya mata da gaske. Amma da na ajiye waya na leƙa kicin na ce wa Murna ko ta ji, ta ce ta ji. Na ƙara nama a miyar yau.

Asabar, 20 ga Satumba

Gida na biyu, a Sintali. Wannan kam a kan tudu yake, ruwa ba zai hau ba. Sabon silin na roba fari tas, Murna tana ta ɗaukar hoto. Na shiga banɗaki na taɓa famfo da bayan hannu, yadda aka koya mana, sai na ji wuta ta ɗan ja ni. Na ce a kawo tsani. Siddiq ya ce babu tsani, na ce akwai tebur.

Ni da shekaruna na hau tebur, na zame silin ɗaya na haska tocila. Wayoyin wuta an haɗa su an naɗe da baƙar leda, irin ta sayen tumatir. Na soka rodina a katakon rufi, ya shige kamar a burodi, garin gara ya zubo mini a ɗankwali. Iska mai ƙarfi ɗaya ta isa ta sauke rufin nan a kan duk wanda ke kwance.

Da zan sauko ɗan Cecilia ne ya riƙe teburin. Ya tambaya a hankali, me ya sa bayan hannu ba tafi ba. Na ce idan wuta ta kama tafin hannu yatsu kan damƙe ƙarfen, bayan hannu kuwa fizgewa yake yi. Ya gyaɗa kai. Ban san ko ya fahimta ba ko ladabi ne kawai.

Murna ta yi kuka a hanya. Wai ba gidan da zai taɓa yi mini a duk Taraba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Bayan sujada Cecilia ta tare ni a gindin mangwaro tana murmushin da bai kai ciki ba. "Maman Murna, ko dai mu kawo miki yaron ya tare a gidanki?" Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Na yi dariyar ni ma, amma maganar ba ta bar raina ba har yamma.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Sun kama gida ba tare da ni ba. A Barade. Yau da safe Murna ta faɗa mini tana wanke kwanuka, ta juya mini baya don kar mu haɗa ido. An biya, an karɓi makulli, Babanta ma ya je ya gani tun makon jiya. Wato kowa ya sani sai ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, har shayin da ke hannuna ya huce ban sha ba.

Daga baya ta zo ta zauna a bakin gadona. Ta ce ranar Asabar ta sama matan zumunta za su je su yi wa gidan addu'a, su auna ɗakuna saboda jere. Tana so in je a matsayin uwar amarya, ba duba-gari ba. Ta roƙe ni in yi mata alkawari ba zan buɗe baki a kan gini ba. Idonta ya kawo ruwa. Na yi alkawarin. Sai ta miƙo hannu, na gane abin da take nufi, na ciro rodin daga jaka na ba ta. Ta kulle shi a akwatinta.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Gidan yana da kyau, wannan sai in faɗa. Tsohon gini ne mai ƙwari, an yi masa gyara, an ƙara ɗaki ɗaya babba a baya, shi ne ɗakin kwana. Tayil sabo mai ruwan madara ko'ina. Na taɓa famfo a ɓoye, lafiya. Na saci kallon silin, lafiya. Na ce a raina, Rebeka, yau ki ja bakinki ki yi shiru, yarinyar ta yi dace.

Muka shiga ɗakin kwanan, mu goma sha wani abu. Cecilia ta kwance ɗankwalinta tana auna inda gado zai zauna, ta ce nan kusurwar yamma, nesa da taga. Aka yi addu'a. Sai shugabar zumunta ta ɗauko waƙar godiya, muka amsa, aka fara tafi ana taka ƙafa yadda muka saba. Ina cikin waƙar sai na ji tulu yana amsawa, dum, dum, irin tulun da muke bugawa a coci. Na ji daɗinsa ma. Na waiga in ga wa ta ɗauko shi, don na san mun bar kayan kiɗa a ma'ajiyar coci. Ba kowa riƙe da tulu. Ko caki ba mu zo da shi ba.

Na daina waƙa na kasa kunne. Idan matan suka matsa wajen ƙofa sai sautin ya mutu. Idan suka dawo kusurwar gado sai ya tashi, daga ƙarƙashin ƙafafunsu. Tayil da bai kama siminti ba ƙwas-ƙwas yake yi, sama-sama, na san shi. Wannan sautin mai zurfi ne, na wuri mai babban ciki. Mata masu jiki har huɗu suna tsalle a kansa, Murna a tsakiyarsu.

Na tuna alkawari. Wallahi na tuna. Amma bakina ya riga ni. Na daka tsawa na ce kowa ta fita daga ɗakin nan yanzu. Waƙa ta tsinke a tsakiya. Na kamo Murna a hannu na ja ta waje kamar 'yar shekara biyar. Na ce akwai rami a ƙarƙashin daɓen nan.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin rubutawa. Cecilia ta ce ta gaji, gida uku ke nan, idan ba na son auren ne in fito fili. Wata ta ce ai duk sabon tayil haka yake ƙara. Shugaba ta ce mu rufe da addu'a a tsakar gida, aka yi ta a gurguje. Murna ta zare hannunta daga nawa, ta ce, "Kin yi mini alkawari, Mama." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta shiga keke ɗaya da Cecilia, ni na dawo ni kaɗai.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Murna ba ta gaishe ni ba. Ta ajiye mini abinci a rufe ta fita. Ban je coci ba, na ce kaina ke ciwo, kuma da gaske yana yi.

Talata, 14 ga Oktoba

Na koma Barade ni kaɗai da hantsi. Ba ni da makulli, amma bayan gidan fili ne, katangar ba ta kai ko'ina ba. Na zaga.

Bulon sabon ɗakin daban yake da na tsohon ginin, a fili take cewa tsakar gida ce aka gine. A jikin bangon ɗakin ta waje, daidai kusurwar da za a sa gado, akwai ragowar tsohon dakalin siminti, ya sha wanki har ya yi santsi. Rabinsa a waje, rabinsa ya shige ƙarƙashin bango. Daga gare shi wata 'yar kwata ta tashi ta bi ta fita layi. Kwata a bangon ɗakin kwana, inda babu banɗaki babu kicin. Wane ruwa take ɗauka?

A tsofaffin gidajen garin nan ba a yin dakalin wanki sai a bakin rijiya. Na shiga ɗaruruwansu, ban taɓa ganin akasin haka ba. Na ɗaga kai, ga dalbejiya ta miƙo reshe bisa rufin ɗakin, a jikin reshen akwai wani tsohon ƙarfe mai lanƙwasa da itacen ya kusa haɗiyewa, irin wanda ake rataya igiyar guga.

Na tambayi maƙwabta, duk 'yan haya ne sababbi. Mai gidan kuma, wani Alhaji Hayatu, an ce saye ya yi a haka, mai ginin farko ya daɗe da barin gari. Ba wanda zai shaide ni.

A hanyar dawowa tsoro ya kama ni. Idan an cike rijiyar da kyau tun da daɗewa fa, kunnena ne ya tsufa? To na zubar da mutuncin 'yata a gaban uwar mijinta a banza. Amma da na tuna dum ɗin nan sai na ji gara ta yi fushi da ni har abada tana numfashi.

Laraba, 15 ga Oktoba

Baban Murna ya ce in je in ba Cecilia haƙuri a wuce wurin. Na ce sai bayan an fasa tayil ɗaya. Ya ce wa zai yarda a fasa masa sabon tayil saboda kunnen tsohuwa? An sa jere ranar ɗaya ga wata. Gadon katako ne mai nauyi, na gan shi a wurin kafinta.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Da la'asar ina tsince wake sai na ji sallama. Ɗan Cecilia ne, shi kaɗai, da rigar aiki. Bai taɓa zuwa wurina ba sai da rakiya. Ya durƙusa daga nesa, na ce ya hau kujera ya ƙi. Na ɗaure fuska, na ɗauka an aiko shi ne ya faɗa mini magana.

Sai ya ce jiya ya je gidan da sassafe kafin aiki. Ya cire takalmi ya taka ɗakin, wai kusurwar nan ta fi ko'ina sanyi, kuma akwai danshi a kan tayil ɗin, a zagaye, sauran ɗakin a bushe. Ya ce bai san ma'anarsa ba, amma tun ranar famfo ya lura ba na faɗin abu a banza. "Mama, ki zo ki nuna mini." Ya riga ya yi magana da mai gida, ya ce idan ba a sami komai ba shi zai gyara tayil ɗin.

Na ce rodina yana kulle a akwatin matarka. Kalmar ta fita kafin in kama ta. Ya sunkuyar da kai yana ɗan murmushi. Na zuba masa kunun gyaɗa, ya shanye.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yau kam. Bari in zauna in rubuta shi dalla-dalla, don watarana jikokina su ji.

Mun hallara da safe. Ni, Baban Murna, Alhaji Hayatu da birkilansa, Cecilia da ɗanta. Murna ta zo daga baya, ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ba ta kalle ni ba, amma ta miƙa wa yaron rodin, shi ya kawo mini da hannu biyu.

Alhaji Hayatu dattijo ne mai fara'a. Ya ce, "Madam, ni dai na sayi gida ne da ɗakinsa, amma bismilla." Na sa kowa ya tsaya a falo. Na sa aka shimfiɗa dogon katako daga ƙofa don a taka a kansa. Na bi ina bugawa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai dum. Na bi gefen sautin ina sa alama da gawayi, da na gama sai ga da'ira a kan tayil, faɗinta ya kai na babbar tabarma. Kowa ya leƙo daga falo.

Birkila ya ɗaga guduma, yaron ya ce a ba shi, ɗakinsa ne. Ya kwanta rub da ciki a kan katakon ya fasa tayil ɗaya a gefen da'irar. Simintin da ke ƙasa bai kai kaurin tafin hannu ba, kuma babu ƙarfe ko ɗaya a cikinsa. Ƙarƙashinsa tsofaffin katakai ne da aka jera, sun yi baƙi. Na miƙa masa rodin na ce soka. Ya soka, katakon ya marmashe, rodin ya wuce har hannunsa ya bi, da ƙyar ya riƙe shi. Wata iska mai sanyi da warin tsohon ruwa ta buso, sauro suka taso.

Na ce a ba shi dutse. Ya saki ta ramin. Muka jira. Muka ƙara jira. Can ƙasa muka ji tsulum.

Alhaji Hayatu ya yi salati ya zauna a ƙasa. Cecilia ta dafe ƙirji tana kiran sunan Yesu, don ita ce ta fi kowa tsalle a wurin ranar nan. Baban Murna ya cire hula. Ni kuwa na tsaya da ƙafafuna, na gyara ɗaurin zanena. Na ji daɗi, ba zan yi wa takardar nan ƙarya ba. Na ji kamar ranar da aka fara sa mini kaki.

Amma daɗin bai daɗe shi kaɗai ba, don na kalli da'irar gawayin na tuna a nan kan gadon zai zauna. Na kawar da idona daga wurin. Sai na ji an kama gefen zanena ta baya, yadda Murna take yi tana ƙarama idan mun shiga kasuwa. Ban waiga ba. Ita kuma ta riƙe har muka fito.

Baban Murna a keke: "Sandan Musa ya sake fitar da ruwa." Yau na bar shi ya yi ba'arsa.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na sa leshina mai ruwan goro na je coci da wuri. Labari ya riga ni. A taron zumunta Cecilia ta tashi da kanta ta ba da shaida, ta ce Ubangiji ya ba wata kunne a cikinmu, ta zo ta rungume ni tana hawaye. Na yafe mata, har da maganar gindin mangwaro. Da aka ɗauko waƙa mai buga tulu ta kalle ni, duk muka fashe da dariya. Mata uku sun ce in zo in duba musu gida. Na ce su bi layi.

Talata, 21 ga Oktoba

Alhaji Hayatu mutumin kirki ne. Ya ce zai cike rijiyar da dutse da yashi a zuba kankare mai ƙarfe. Na ce daidai ne, amma ciko yana zama a hankali, kar kowa ya kwana a kai sai damina mai zuwa ta wuce an ga halinsa. Bai yi musu ba, ya mayar wa yaran kuɗinsu cikin mutunci.

Yanzu ga biki ya matso babu gida. Na ce wa Murna ɗakin yayyenta yana nan a buɗe, su zauna a nan kafin a samu, ko shekara ce ba damuwa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Mama." Ban san me take nufi ba, ban kuma tambaya ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ɗan Cecilia ya aiko a ara masa rodin da tocila. Na bayar. Ko abokin aikin da muka yi shekaru tare ban taɓa ara wa ba.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ɗan Cecilia ya samo wani gida, a Sintali ta sama. Ɗaki biyu da falo, ba tayil, daɓen siminti ne kawai. Ya zo da kansa ya ɗauke ni. Na shirya tsaf, na ce yau ma sai na samo aibi.

Na duba ƙasan ƙofofi. Na sa yatsa a taga. Na taɓa famfo. Ya riga ya jingina tsani ya buɗe silin yana jirana, na hau, katako lafiyayye, wayoyi a cikin bututunsu. Na bi daɓe ɗaki-ɗaki ina bugawa, ƙwas har bango. Na zaga baya, ramin masai yana nesa da rijiya, rijiyar kuma a fili take da murfin ƙarfe da kwaɗo. Ya ce ya bi maƙwabta ya nemi wadda ta fi kowa daɗewa a layin, wata tsohuwar Bafulatana, ya tambaye ta tarihin filin tun yana gona.

Sai na hango tagogi, duk an yi musu ƙarfen tsaro an liƙe da walda. Na ce yawwa, ga shi. Idan wuta ta tashi a falo ta ina za ku fita? Sai ya kai ni ɗakin kwana ya ɗaga labule. Ya riga ya kira mai walda ya yanke ƙarfen taga ɗaya, yana buɗewa kamar ƙofa, makullinsa a rataye a ƙusa inda hannu zai kai daga kan gado.

Na sake zaga gidan. Na kuma sake. Murna tana zaune a dakali tana kallona. A ƙarshe na ce labulen falo bai dace da fentin ba. Suka kalli juna. Na ce to, a yi jere.

Ya kamata in yi murna. Na yi. Kawai dai da na dawo ban iya cin abinci ba, ina jin zafin rana ne.

Asabar, 8 ga Nuwamba

An ɗaura. Ta yi kyau. Ban yi kuka ba sai a banɗakin coci, can ma famfonsu yana yoyo.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Gidan nan ya yi girma. Baban Murna yana ta kunna rediyo da ƙarfi, na san dalili, ban hana shi ba. Jiya na shiga ɗakin Murna in share, ba komai sai ƙusoshi a bango, takuna yana dawo mini. Na fito na ja ƙofar.

Yau bayan sujada mun je cin abinci a gidansu. Miyar ta yi gishiri kaɗan, na cinye na ƙara. Akwai wata 'yar tsaga a dakalin waje, ta fenti ce kawai, na gan ta na ɗauke kai. Da za mu tafi angon ya ɗauko rodin daga bayan ƙofa, ya goge shi har yana ƙyalli, ya miƙo mini da hannu biyu. Na ce jakata ta cika, ya ajiye tukuna. Baban Murna ya kalli jakar, ba komai a ciki sai Littafi da hankici, Allah ya taimake shi bai yi magana ba.

Matan nan uku suna ta kira a kan duba gidajensu. Na ce musu gwiwata ba ta son tsani yanzu, su nemi ɗana Tobiya ranar da ba ya aiki.